Layin da Tawada Ta Ƙi Kamawa

Matasan da suka shigo sana'ar nan yanzu gani suke ɗab'i danna maɓalli ne. Mutum ya kawo aiki a waya, a tura wa kwamfuta, inji ya tofo takarda da ɗuminta, a miƙa masa ya tafi. In na ce musu akwai lokacin da sai ka san halin tawada kamar yadda ka san halin maƙwabcinka, sai su yi mini murmushin nan na tsoho ya fara. To ku gyara zama. Ni Haladu, a cikin wannan aiki gemuna ya yi fari, kuma rabin yatsan nan da kuke satar kallo a bakin injin yankan takarda na bar shi.

A Zariya na koya, wurin Malam Isiyaku na Tudun Wada, Allah ya jiƙansa. Aikin farko da ya ba ni wankin rolar da ke shafa tawada ne da kananzir, na yi ta yi har fatar hannuna ta saɓule. Sai da ya ga ban gudu ba sannan ya tsayar da ni gaban akwatin haruffan dalma. Kowane harafi da gurbinsa, ka tsinto su ɗaya bayan ɗaya ka jera a juye kamar a madubi. Yakan ce mai ɗab'i ba magana yake karantawa ba, harafi yake karantawa, kuma ranar da ka fara jin daɗin labarin da kake jerawa, ranar kuskure zai wuce ta gabanka ba ka gan shi ba.

Kafin in bar wurinsa injin faranti ya shigo. Bari in faɗa muku yadda yake, don labarin ba zai shige ku ba sai kun gane. Ana ɗaukar rubutu a fim irin na hoto, a gasa shi da haske a kan siririn farantin ƙarfe. A naɗa farantin a jikin inji. Ruwa yana shafarsa, tawada tana shafarsa. Inda babu rubutu ruwa ya zauna ya kori tawada, inda akwai rubutu tawada ta kama. Daga faranti ta sauka a kan bargon roba, daga bargo ta hau takarda. Ruwa ya yi yawa rubutu ya koɗe, ya yi kaɗan shafi ya yi dauɗa. Aikinka shi ne ka tsaya tsakanin abu biyun nan da ba sa jituwa, kana sasantawa tun safe har yamma.

Da aiki ya yi ƙasa a Zariya na gangaro Abuja. Wani Bakatsine mai sayar da takarda ya ce mini akwai wani tsohon Bature a hanyar filin jirgi yana neman mai riƙe masa inji, duk wanda ya ɗauka ba ya daɗewa. Na je. Na tarar da dogon tsoho ja, ya rankwafa, idonsa kamar ruwan rijiya. Kowa Baba Dani yake ce masa. Bai tambaye ni takardar shaida ba. Ya nuna mini inji, ya miƙo faranti, ya koma gefe ya harɗe hannu. Da na fitar da takardar farko ya kai ta hanci ya shinshina, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Gobe ka zo da safe. Wannan inji tsohuwa ne, amma ba ya ƙarya."

Ba ya son a ce masa Bature. Cewa yake shi ɗan Afirka ta Kudu ne, kakanninsa a can aka binne su, kuma harshensa ba Turanci ba ne, Afirkans ne. Matarsa Mama Rahila, 'yar kudancin Kaduna ce, ma'aikaciyar jinya. A ƙasar Botswana suka haɗu lokacin tana aiki can, da ta tashi dawowa gida ya biyo ta. Bai taho da kome na kirki ba sai akwatunan littattafai da wannan inji, wanda ya sa aka ɗoro a jirgin ruwa har Legas. Mama ta ce ta yi ta roƙonsa ya sayar, a sayi wani a nan, ya ce ko ya zo da shi ko ya zauna.

Tarihinsa a gutsure na samu, yau kaɗan gobe kaɗan, muna jiran tawada ta bushe. Ɗan fasto ne daga wani ƙaramin gari mai fama da fari. Tun yana makaranta yake rubuta wasan kwaikwayo. Ya yi shekaru yana yawo da 'yan wasansa a bayan babbar mota, daga wannan gari zuwa wancan, suna kafa labule a zauren taro. Sunansa ya fito. Sai ya rubuta wani wasa a kan manomi farar fata da ɗan da baƙar fata mai yi masa wanki ta haifa masa, a zamanin da gwamnatin wariyar launin fata ba ta yarda a ko ambaci irin wannan ba. Aka hana wasan. Masu buga littattafai duk suka juya masa baya. Shi ne ya sayi wannan inji ya ajiye a bayan wani gareji, ya zama mai wallafa nasa da na sauran waɗanda aka toshe wa baki. Bayan mulkin wariya ya faɗi, in ji shi, sai aka daina neman irin littattafansa, kamfanin ya mutu a tsaye.

A Abuja kuwa ba wasa muke bugawa ba. Rasit na 'yan kasuwa, takardun jarrabawar makarantu, kalandar masu coci, fastar 'yan siyasa in zaɓe ya matso. Na tuna wani aikin kalanda na matan zumunta, hoton shugabarsu ya fito fuskarta ta yi kore saboda launin ja bai hau daidai ba. Baba ya hana a ba su. Matar ta ce ba kome, gobe ne bikin. Ya ce shi da kome. Muka sake daga farko, shi da kansa yana miƙo mini takarda yana waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa.

Injin nan ya ba ni mamaki tun makon farko. Ƙarfen da ake ja a haɗa bargo da takarda fentinsa ya cinye, ya yi sulɓi, amma ta ɓangaren hagu. Ni da dama nake aiki, Baba ma haka. Na tambaye shi, ya ce wanda ya fara riƙe masa injin bahago ne, sunansa Yosef. Daga nan ya fita waje, bai ƙara ba.

Sai shekarar rusau ta zo. Wata safiya muka tarar da jan fentin alamar rushewa a bangon shago, da na duk layin. Kafin mu gama neman wanda za mu roƙa katafila ta iso bakin unguwa. Da sarƙa da itatuwa da ƙarfin maƙwabta muka ɗora injin a mota. Mama tana da fili a Orozo da ɗaki biyu da ba a gama ba, can muka nufa. Ruwa ya kama mu a hanya, takardar da muka tara don aikin jarrabawa ta jiƙe ta zama kamar tuwo. Masu kawo aiki ba su biyo mu ba, wa zai baro gari ya zo bayan gonaki neman rasit? Damina ta zauna sosai. Takarda tana shan laima tana lanƙwashewa, inji ya ja biyu a haɗe ko ya ƙi ja. Sai mu wuni ba mu tayar da janareta ba. Mama ce ta riƙe gidan, ta riƙe ni, da aikin asibitinta.

A wannan zaman banza Baba ya koma rubutu. Yana zama a kan benci daf da injin, yana rubutawa yana magana da harshensu. Ya faɗi magana, ya yi shiru yana kallon gefen injin kamar mai jiran amsa, sannan ya girgiza kai ya soke. Da damina ta kusa ƙarewa ya ce ya gama wasansa na ƙarshe, mutum biyu ne kawai a cikinsa, mai kamfani da mai riƙe inji, kuma a nan za mu buga shi.

Ni ban jin ko kalma ɗaya ta Afirkans, amma wannan bai dame ni ba, tarbiyyar Malam Isiyaku ce. Harafi da harafi na bi, ina gwada fim da rubutun hannunsa. Na kai fim cikin gari aka gasa faranti, na dawo muka fara. Shafukan farko suka fito tas, baƙi ƙirin, ban taɓa ganin injin nan ya yi aiki da daɗin rai haka ba. Ko lanƙwasar takarda bai kula ba.

A kwanakin nan ne na fara lura da wasu abubuwa. In na tafi sallar azahar na bar takardun da suka fito a hargitse, in na dawo sai in tarar an daidaita gefensu kamar an yanka da wuƙa. Na ɗauka Baba ne. Wata rana na dawo na same shi yana barci a ɗaya ɗakin, ƙofar wurin aiki a kulle, mabuɗi a aljihuna, takarda kuma a daidaice. Wani lokaci warin tabar lofe ya cika ɗakin da rana tsaka, alhali babu mai shan taba a gidan, kuma babu gida kusa da mu sai gonar masara. Ban ce wa kowa ba. Na dai riƙa karanta Ayatul Kursiyyu kafin in kunna inji. Na san matacce ba ya dawowa, wannan karatun yara ne. Amma abin da na gani na gani.

Farantin ƙarshe shi ya tsayar da mu. A shafin rufewa akwai sunan Yosef, a gabansa layi guda, gajere. Sunan ya fito. Duk abin da ke sama da ƙasa ya fito. Layin nan kuwa fari fat, kamar ba a taɓa rubuta kome a wurin ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin mai sana'a. Wani lokaci gam ɗin da ake shafa wa faranti ya daskare a kan rubutu, ya hana tawada kamawa. Na tsayar da inji na wanke wurin, na goge, na sake tayarwa. Fari. Na ce to bargo ne ya lotsa a daidai nan. Na kwance shi na juya, na sa takarda a ƙarƙashinsa. Fari. Na duba farantin a hasken rana, ga rubutun nan raɗau, kowane harafi da ƙafarsa. Na shafa masa tawada da yatsa, ta kama. Na mayar da shi jikin inji, ta ƙi.

Akwai gwaji guda da ke raba gardama. Ka canza wa shafin wuri. In laifin inji ne, farin zai tsaya inda yake, ya ci wani rubutun daban. Na sake jera fim, na ɗauke shafin daga ƙasan hagu na kai shi saman dama, na je aka gasa sabon faranti. Na tayar da inji, na ja takarda. Inda farin yake a da ya cika da rubutu lafiya lau. Farin ya tashi ya bi layin zuwa sabon wurinsa.

Na kashe janareta. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan kurciya daga gona. Na miƙa wa Baba takardar. Ya daɗe yana kallonta, amma ban ga mamaki a fuskarsa ba.

Na ce, "Baba, me layin nan yake cewa?"

Ya ce, "Yana cewa, na yafe maka."

A nan ya ba ni sauran labarin, yana zaune a benci, bai dube ni ba. Yosef ba farar fata ba ne. Shi ya riƙe injin tun ranar da aka saye shi, shi ya buga wasan nan da aka hana. Wata rana 'yan sanda suka dira a garejin, littattafai a tare tawadarsu ko bushewa ba ta yi ba. Suka tambayi Baba wa ya ba da umarnin bugawa. Ya ce bai sani ba, ya ce mai riƙe inji ne yake aikin kansa a bayan idonsa. Yosef yana tsaye a wurin, yana goge hannu da tsumma, ya ji. Baba ya ce a ransa ya ɗauka za su riƙe shi kwana kaɗan, shi kuma yana waje zai samo lauya. Lauya bai kai ga ganinsa ba. Aka aiko wa matar Yosef cewa ya faɗo daga bene ya mutu. Baba ya ci gaba da wallafa littattafai a kan injin, aka yi ta yabonsa a ƙasashen waje a matsayin jarumi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Mama, sai ni a ranar.

Na ce masa akwai sababbin injina a cikin gari masu bugawa kai tsaye daga kwamfuta, ba faranti ba ruwa. In kai shafin can, kafin la'asar an gama, mu haɗa da sauran, ba mai ganewa. Ya ce ya sani. Ya ce in layin ya fito a can, inji ne ya faɗa, ba Yosef ba.

Sai ya roƙe ni wani abu. Ya ce in tsaya inda nake tsayawa, in riƙe ƙarfen nan da hagu, zai koya mini kalmomin, guda uku ne kawai, in faɗa masa da bakina ya ji yadda suke a bakin mai riƙe inji. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Duk aikin da ka sa ni zan yi. Amma wannan ba tawa ba ce da zan ba ka." Bai ji haushi ba. Ya gyaɗa kai.

Bai haƙura nan da nan ba. Ya sassauta maganar, ya sa Yosef ya ce ya fahimci dalili. Aka gasa faranti, tawada ta ƙi kamawa. Ya sa ya ce abin ya wuce. Ta ƙi. Mai gasa mana faranti har ya fara tambayata ko lafiya muke sake shafi ɗaya. Baba ya rame, ya daina cin abincin kirki. Mama ta same ni a waje ta ce, "Malam Haladu, ka taimake ni. Ka ɗauki alƙalami ka cike wurin da hannu, ka nuna masa, ya samu ya huta." Na ce mata mutumin da ke shinshina takarda ba za a ruɗe shi da alƙalami ba. Sai ta shiga wurinsa. Ina jin ta ta taga, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa a coci ma ba a karɓar gafara da ƙarfi, ya daina sa wa mutum magana a baki, ya rubuta abin da ya gani da idonsa ranar, ya tsaya nan.

Washegari ya ba ni sabon shafi. Ya cire maganar gaba ɗaya. A ƙarƙashin sunan Yosef ya sa bayani irin wanda ake yi wa ɗan wasa. Ya fassara mini: Yosef ya dube shi. Ya gama goge hannunsa. Ya ninke tsumman ya ajiye a kan inji.

Na naɗa farantin, na yi bismillah, na saki ruwa, na saki tawada. Takardar farko ta fito da kowane harafi baƙi wuluk, har ya fi na sauran shafin ƙarfi. Ban taɓa kome ba har aka gama. Tun daga ranar ban sake jin warin taba ba, takarduna kuma yadda na bar su haka nake tarar da su.

Mun ɗinke littafin da zare, ba da waya ba, na manna bango mai ruwan toka, na datse gefe. Ba mu yi da yawa ba, don ba na sayarwa ba ne. Baba ya ɗauki guda ya ce zai kai wa 'yar Yosef can Afirka ta Kudu, wadda take ƙarama lokacin da aka tafi da ubanta. Mama ta raka shi. Tun da ya baro ƙasar bai koma ba sai wannan karon.

Da suka dawo, Mama ce ta ba ni labari. Sun sami 'yar, ta manyanta, malamar makaranta ce. Ba ta ce su shiga ba, a baranda ta ajiye musu kujeru. Baba ya faɗa mata duk abin da ya faɗa wa 'yan sanda, bai rage ba. Ta karɓi littafin ta karanta a gabansu tun daga farko har ƙarshe, suna zaune rana tana juyawa. Da ta kai shafin rufewa ta ɗora yatsa a kan layin ta daɗe.

Ta ce, "Duk surutun da ka ba shi a baya ba nasa ba ne, babana ba ya magana haka. Amma nan shi ne. Haka yake ninke tsumma."

Baba ya jira ko za ta ƙara wani abu. Ta rufe littafin ta rungume shi a ƙirji, ta tambaye su ko za su sha ruwa kafin su kama hanya.